Farin dalma da ɗakin da yara ke kwana

Duk wanda ya daɗe yana zane da fentin mai ya san cewa babu launin da ke ƙarewa da wuri kamar fari. Da shi ake sassauta shuɗi har ya zama sararin sama, da shi ake fito da hasken goshi da na kunci a fuskar mutum, kuma shi ne ke kwance a ƙarƙashin sauran launuka tun daga shimfiɗar farko da ake yi wa ƙyallen zane. Saboda haka zaɓen farin da mai zane zai yi aiki da shi ba ƙaramar magana ba ce. Mu Hausawa masu wannan sana'a a Legas ba mu da yawa, wasu sun yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Yaba, wasu a Zariya, wasu kuma a hannun masu zanen allunan shaguna suka koya, amma a 'yan shekarun nan na lura maganar farin dalma ta shigo bakin matasanmu, domin suna ganin masu zane na Turai da Amurka suna yabonsa a intanet, har wasu sun fara neman wanda zai taho musu da shi daga waje. Ni ina amfani da shi, kuma ina ganin yabon da ake yi masa gaskiya ne. Duk da haka yawancin waɗanda suka nemi shawarata na ce musu su bar shi, kuma dalilin bai shafi ƙwarewarsu ba, ya shafi inda suke zama ne.

Farin dalma hoda ce da ke samuwa idan ƙarfen dalma ya ci tsatsa ta wata hanya ta musamman, kuma mutane sun san yadda ake yinsa tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, domin marubutan Girka da na Rum na dā sun bayyana shi. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda aka fi dangantawa da mutanen Holan. Ana yanka dalma falle-falle a naɗe ta, a saka a cikin tukwanen ƙasa waɗanda aka zuba wa ruwan khal kaɗan a gindi ba tare da ya taɓa ƙarfen ba, sannan a jera tukwanen a cikin rumfa a binne su da kashin doki ko ɓawon itacen da majema suka gama aiki da shi. Ruɓewar kashin tana ba da ɗumi da iskar kabon, tururin khal kuma yana cin jikin dalmar, bayan kamar wata 3 sai a buɗe a tarar farin ɓawo ya rufe ƙarfen. Wannan ɓawon ake kankarewa, a wanke, a niƙa, a kwaɓa da man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi. A Ingila ta ƙarni na 19 mata matalauta ne suka fi yin aikin kwashe tukwanen da kankarar, kuma da yawa daga cikinsu sun gamu da farfaɗiya da makanta da mutuwa tun suna da ƙuruciya. Ina ganin ya kamata duk mai sha'awar wannan fari ya san wannan tarihin tare da tarihin manyan zane-zanen da aka yi da shi.

Har zuwa ƙarni na 19 kusan shi kaɗai ne farin da masu fentin mai ke da shi. Hasken da ke fuskokin da Rembrandt ya zana, da farin bangon ɗakunan da ke cikin zanen Vermeer, manyan masu zanen Holan na dā, dukansu da shi aka yi su. Farin tutiya ya shigo daga baya, kamfanin Winsor & Newton ya fitar da shi don fentin ruwa a 1834, aka kuma daidaita shi da mai a Faris a shekarun 1840, shi kuwa farin taitaniyam da ya cika shaguna yau sai wajen 1920 aka fara sarrafa shi da yawa a Norwe da Amurka. Ke nan a lokacin da Aina Onabolu, wanda ya buɗe wa Legas ƙofar zanen zamani, ya tafi karatu Landan da Faris a 1920, taitaniyam sabon abu ne da bai riga ya zauna a hannun masu zane ba.

Abin da ya sa har yau wasu ba su rabu da shi ba sai wanda ya riƙe buroshi zai fahimta sosai. Yana da ɗan yauƙi da nauyi, yana bin gashin buroshi ya miƙe ba tare da ya tsinke ba, kuma idan aka ɗora shi da kauri yana tsayawa yadda aka bar shi. Launinsa yana da ɗumi, kuma haske yana ɗan ratsa shi, don haka idan aka gauraya shi da ja ko ruwan ƙasa ba ya kashe su. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mu da muke zana baƙar fata. Taitaniyam yana da ƙarfin rufewa fiye da kima, ɗigo kaɗan daga cikinsa yakan sa launin fatar mutum ya yi fari-fari kamar garin da hazon hunturu ya lulluɓe, sai ka ga fuskar ta rasa jini. Da farin dalma kuwa mai zane yana iya hawa daga duhun wuya zuwa hasken kunci a hankali, mataki bayan mataki, launin yana nan da ransa. Bayan haka yana bushewa da sauri, domin dalmar tana taimaka wa mai ya sha iska ya daskare, kuma wanda ya taɓa jiran zane ya bushe a daminar Legas, lokacin da laima ke cika ɗaki har takalmi ya yi fumfuna, ya san darajar wannan. Idan ya bushe kuma yakan bar fata mai ƙarfi wadda ba ta saurin tsagewa. Binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar Smithsonian ta Amurka ya nuna cewa farin tutiya yana yin gautsi bayan shekaru har ya riƙa ɓarewa daga jikin zane, alhali farin dalma yana riƙe da kansa. Masu gyaran tsofaffin zane-zane ma suna cin moriyarsa ta wata fuska, domin hasken eksire ba ya ratsa dalma, saboda haka idan aka ɗauki hoton zanen sai a ga gyare-gyaren da mai shi ya ɓoye a ƙarƙashi.

Na tsaya a kan waɗannan ne don kada wani ya ɗauka tsoro ne ya hana ni ganin alherinsa. Sai dai dalma guba ce, kuma irin gubar da ba ta yin shela. Jiki ba ya da wani amfani da ita ko kaɗan, amma yana karɓarta a matsayin sinadarin da yake gina ƙashi da shi, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙora. A cikin jini rabinta kan ragu cikin kamar wata guda, a cikin ƙashi kuwa tana iya zama shekaru da dama, tana komawa jini a hankali. Ga babba tana kawo murɗawar ciki mai tsanani, da taurin bayan gida, da ciwon kai, da kasala, da ƙarancin jini, da hawan jini, da lalacewar ƙoda, da raunin jijiyar wuyan hannu har hannun ya riƙa lanƙwashewa, tana kuma rage ƙarfin haihuwa. Duk wanda ya dubi farkon wannan jerin zai ga matsalarmu a nan: mutum zai ji ciwon kai da kasala da ciwon ciki, ya tafi kemis ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ba zai taɓa kawo wa ransa fenti ba. Shahararren mai zanen nan na Brazil, Candido Portinari, likitoci sun gargaɗe shi a kan fentin da yake aiki da su, ya ci gaba, kuma gubar dalma ce ta yi ajalinsa a 1962.

Ga yara abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani mizani na dalma a jini da za a ce ba shi da illa ba, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotse idan suka haɗiyi adadi ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa, kuma ɓarnar da dalma ta yi mata ba ta gyaruwa, ko da an ba shi maganin da ke fitar da ita daga jini. Yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, ya fi saurin tsotse ta. Mace mai ciki kuma dalmar da ta taru a ƙashinta tun shekarun baya tana iya fitowa ta isa ga ɗan tayi.

Bahaushe ba ya buƙatar a kai shi Turai kafin ya gane wannan. A 2010 aka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida ana daka su ana niƙa su a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ƙurar ta bi ƙasa da kwanuka da hannuwa. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa magani, sai da aka kwashe ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, wato ina kwatanta bututun fenti ɗaya da buhunan dutse. Na yarda yawan ba ɗaya ba ne ko kusa. Amma hanyar da gubar ta bi ta shiga jikin yaran Zamfara ita ce hanyar da za ta bi a ɗakin mai zane: uba ya shigo da sana'arsa inda iyalinsa ke ci suna kwana, abin ya zama ƙura, ƙurar ta hau hannun yaro, hannun ya tafi baki.

Dokokin duniya sun daɗe da raba fentin gida da fentin mai zane. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a Janiba a 1921 ta hana shafa farin dalma a cikin gine-gine, amma ta keɓe aikin masu zane. Amurka ta haramta fentin gida mai dalma a 1978, ita ma ta bar launukan masu zane, Tarayyar Turai kuwa ta tsaurara fiye da haka, har samunsa ya yi wuya a can. Dalilin keɓewar a bayyane yake. Hodar da aka riga aka kwaɓa da mai ba ta tashi a iska, kuma irin wannan dalmar ba ta ratsa lafiyayyar fata sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙofofinta biyu ne, baki da hanci. Babban mutum mai natsuwa, wanda ke da ɗakin aiki na daban, yana iya yin shekaru da ita lafiya. Amma waɗanda suka rubuta wannan keɓewar ɗakin aiki na daban suke hange, kuma a nan ne lissafin ya sha bamban da rayuwarmu.

Yawancin matasan da na sani a Agege da Idi-Araba da Mile 12 ɗaki ɗaya gare su, ko ciki da falo, a gidan haya mai ɗakuna a jere da banɗaki na tarayya. A wannan ɗakin ake jingine ƙyallen zane a bango, a nan ake shimfiɗa tabarmar cin abinci, a nan ake salla, a nan jariri ke koyon rarrafe. Fentin da ya ɗiga a ƙasa yana bushewa, a taka shi, a share da tsintsiya ya tashi. Allon haɗa launi idan ya bushe ana kankare shi da wuƙa, ɓarɓashin ya watsu. Tsumman goge buroshi yana shiga cikin kayan wanki tare da rigunan yara, uwargida ta cuɗa su da hannunta a bokiti ɗaya. Ruwan wanke buroshi ana zubar da shi a kwata, inda yaran gidan duka ke wasa, kuma idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi kwatar ta cika ta dawo tsakar gida. Mu kuma da hannu muke cin tuwo, da hannu muke ɓare goro mu jefa a baki muna cikin aiki, wasu har sukan riƙe buroshi da haƙora idan hannu biyu sun cika. A watan azumi akwai ƙarin abin lura, domin hanji yana tsotse dalma fiye da kullum idan ciki ba komai, ga shi mai zane yakan yi aiki har dab da magariba, ya ji kiran salla ya kai hannu ga dabino. Alwala tana tsarkake mutum don ibada, amma ruwa zalla ba ya cire fentin mai daga ƙarƙashin farce, sai an sa sabulu an goge sosai.

Wani yaro da ke zuwa wurina koyo ya ce mini, "Yaya, idan na sa safar hannu fa, na kuma yi hankali?" Na ce masa, "Ƙanena, hankalinka zai tsare ka, amma ɗiyarka mai shekara ɗaya ba ta san an yi wata yarjejeniya ba, duk abin da ta tsinta a ƙasa bakinta za ta kai." Ban faɗi haka don in kashe masa gwiwa ba, yana da hannu mai kyau ƙwarai, kuma ina fatan ranar da zai samu wurin aikinsa na kansa.

Ni ɗakin aikina yana nesa da gida, yana da ƙofa mai makulli, kuma yara ba sa shiga. Ba na sayen farin dalma a matsayin hoda, ba na kuma kwaɓa shi da kaina, duk da cewa na ga masu koyar da hakan a bidiyo, har da masu nuna yadda za a yi shi a gida da dalma da khal, abin da nake roƙon kowa ya nisanta. Ba na goga samfefa a kan zanen da ke da shi, ba na fesa shi, ba na ƙona tsummansa. Allon haɗa launi ina goge shi tun fentin yana ɗanye, ƙasan ɗakin kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, ba a share shi da tsintsiya. Rigar aiki da takalmin aiki a can suke kwana. Ba a ci ba a sha a ciki, kuma kafin in fita ina wanke hannu da sabulu da ƙaramin buroshin farce. Abin da nake wanke buroshi a ciki ina barinsa a kwalba mai murfi har laka ta kwanta, in tsiyaye na sama in sake amfani da shi, lakar kuma in bar ta ta daskare a rufe. Zubar da wannan lakar shi ne abin da ya fi damuna a garin nan, domin sharar gida duk wuri ɗaya take tafiya, kuma akwai bayin Allah da ke tonon bola da hannu suna neman abin sayarwa, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa. Wannan ya sa nake rage yawan abin da nake amfani da shi tun daga farko, ina keɓe shi ga fuska da hannuwa, sauran zanen kuma in yi da wani farin. Lokaci-lokaci ina zuwa a auna dalmar da ke jinina, kuma ina shawartar duk mai aiki da ita ya yi haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce idan aka samu maikrogiram 5 a kowace desilita ta jini, a binciko inda dalmar ke fitowa a toshe. 'Yan'uwana mata masu zane kuwa, wadda ke da ciki ko take shayarwa ko take sa ran haihuwa nan gaba, ra'ayina shi ne ta bar shi gaba ɗaya.

Wanda ya bar shi bai yi asarar da ake tsammani ba. Ana iya rage ƙarfin taitaniyam ta hanyar gauraya shi da garin alli mai laushi da ɗan ƙarin mai, sai haske ya fara ratsa shi, a kuma ɗiga masa ɗan rawaya mai ruwan ƙasa don ya yi ɗumi. Akwai man haɗi na alkid da ke sa fenti bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ke magance matsalar damina. Ba zan ce sakamakon daidai yake da na farin dalma ba, hannu yana jin bambancin, amma mai kallon zane a bango da wuya ya gane, kuma mafi yawan kyawawan ayyukan da ake nunawa a gidajen baje zane na Lekki da Ikoyi a yau da farin zamani aka yi su. Abin da ke raba zane mai rai da marar rai ya fi yawa a idon mai zanen da haƙurinsa wajen haɗa launi.

Akwai kuma buƙatar a koyi karanta jikin bututu, domin sunan da ke gaba yana iya ruɗarwa. Abin da aka rubuta wa Flake White ko Cremnitz White asalinsa farin dalma ne, amma idan aka ƙara kalmar Hue a bayan sunan, kwaikwayo ne da aka haɗa da wasu sinadarai. Abin dogaro shi ne lambar launin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe: PW1 dalma ce, PW4 tutiya, PW6 taitaniyam. Ba fari kaɗai ke ɗauke da dalma ba, asalin rawayan Naples da rawayan kurom da wani jan fenti da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa duk suna da dalma, kuma wannan ya shafi masu zanen allunan shaguna da masu fentin motoci waɗanda ke sayen fenti a gwangwanin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Haka nan wanda aka ba aikin kankare tsohon fenti a tsofaffin gidajen tsibirin Legas ya ɗauka akwai dalma a ƙofofi da tagogin har sai an tabbatar babu, ya jiƙa wurin kafin ya kankare, kada kuma ya yi amfani da wuta. Tun da muna maganar gida, kwallin gargajiya na dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai a ido, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira tiro, yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mai zanen da ya tsare ɗakin aikinsa ya kamata ya duba wannan ma a gidansa.

Zane yakan fi mai shi daɗewa, yana kuma canza hannu. Wanda ya saya ya rataye a falo ba ya cikin haɗari muddin fentin yana manne a jikin ƙyallen kuma yara ba sa kaiwa gare shi, amma bayan shekaru wani yana iya ɗaukarsa ya ce zai gyara, ko wani ɗalibi ya same shi da araha ya goge shi da samfefa don ya yi sabon zane a kai, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi saboda tsadar kayan aiki. Saboda haka duk zanen da na sa wa farin dalma ina rubutawa a bayansa, da Hausa da Turanci, cewa akwai dalma a ciki, kada a goge, kada a kankare, kada a ƙona, in kuma faɗa wa mai saye da bakina kafin ya biya kuɗi.